Daga fadar shayi zuwa saniyar aro: Yadda mutanen Dakoro ke wanke zuciya ba tare da kashe kuɗi ba

Da la'asar sakaliya, lokacin da zafin rana ya fara sassautawa a garin Dakoro, samari kan fara fitowa ɗaya bayan ɗaya daga lunguna. Wannan ya ɗauko benci, wancan ya naɗo tabarma, wani kuma yana riƙe da ɗan murhun waya da ƙullin gawayi. Kafin a kira magariba an hura wuta, an ɗora 'yar butar shayi, hira ta kankama. Wanda ya iso fuska a murtuke saboda yinin ranar bai yi masa daɗi ba, da wuya ya tashi daga wurin bai yi dariya ba.

Idan aka lissafa abin da aka kashe a wannan zama, ganyen shayi ne da sukari da gawayi, kuma karo-karo ake yi. Amma abin da kowa ke komawa gida da shi ya fi ƙarfin 'yan dalolin da ya bayar.

Dakoro na arewacin jihar Maradi a Jamhuriyar Nijar, inda gonakin gero ke ƙarewa, ƙasar kiwo ta fara. Hausawa manoma da Fulani da Buzaye makiyaya suna cin kasuwa ɗaya, suna shan ruwan rijiya ɗaya. Ba wurin da rayuwa ke da sauƙi ba ne. Damina gajera ce, rani kuma dogo, a watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. Yankin na cikin waɗanda ƙarancin abinci na shekarar 2005 ya fi shafa, har ƙungiyar likitoci ta MSF ta buɗe cibiyar kula da yara masu tamowa a garin. Da an gama girbi, dubban matasa kan kama hanyar ci-rani zuwa Najeriya ko Libiya ko Aljeriya, wasu har Abijan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma, takunkumin ECOWAS da rufe iyaka sun ƙara wa jama'a tsadar kaya na tsawon watanni.

Duk da haka, mutanen da suka saba da irin wannan matsi sun daɗe da ƙirƙiro hanyoyin sauke nauyin zuciya da ba sa buƙatar aljihu mai nauyi. Abin sha'awa shi ne, da yawa daga cikinsu sun yi daidai da abin da masu binciken halayyar ɗan Adam suka gano a 'yan shekarun nan. Ga matashin da ke zaman jiran aiki a Maradi ko Kano, da wanda ke kwana a ɗakin haya a Tamanrasset ko Legas, akwai abin ɗauka a ciki.

Fada: kujerar da ke jiran ka

Fada, a ma'anarta ta asali, ita ce majalisar sarki. Matasan Nijar ne suka ari sunan tun a shekarun 1990, lokacin da aikin gwamnati ya yi wuya, 'yan makaranta suka yi ta kammala karatu suna zama. Yau babu garin da za ka shiga ba ka ga fada ba, wasu har da sunansu rubuce a jikin bango. Wata malamar jami'a a Amurka, Adeline Masquelier, ta yi shekaru tana nazarin waɗannan majalisu a Dogonduci da Yamai, ta kuma fitar da littafi a kansu a 2019. Abin da ta lura da shi shi ne, fada na ba matashin da ba shi da aikin yi abubuwa biyu da zaman banza ke ƙwace masa: tsarin lokaci, da wurin da ake ganin ƙimarsa.

Dafa shayin kansa ba a yin sa da gaggawa. Zagaye uku ake yi. Na farko ɗaci, na biyu ya sassauta, na uku zaƙi. Mai dafawa yana ɗaga buta sama yana tsiyayawa daga kofi zuwa kofi har kumfa ta taru, kuma ba ya son a gaggauta shi. Kafin a kai zagaye na uku an kwashe awa biyu ko fiye. A wannan tsakanin ne ake jin wanda mahaifiyarsa ba ta da lafiya, da wanda aka hana shi yarinyar da yake nema, da wanda ya ji labarin ana ɗaukar leburori a wani wuri.

Amfanin wannan zama ba zato ba ne. Jami'ar Harvard ta fara bin rayuwar ɗaruruwan mutane tun 1938, daga ƙuruciya har tsufa, daga baya ta haɗa da 'ya'yansu. Babban abin da binciken ya nuna shi ne, kyawun dangantakar mutum da na kusa da shi ya fi dukiya da muƙami nuna yadda lafiyarsa da walwalarsa za su kasance a gaba. A watan Yunin 2025 kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya ce mutum ɗaya cikin shida a duniya na fama da kaɗaici, kuma matasa na cikin waɗanda abin ya fi kamawa.

Sirrin fada shi ne lokacinta sananne ne, wurinta sananne ne. Ba sai an gayyace ka ba, kuma idan ba a gan ka kwana biyu ba za a biyo sawu. Wannan ne abin da ɗan ci-rani ya fi rasawa. Mai gadi a Legas ko mai aikin gini a Sabha yana iya yin mako bai yi magana da kowa da harshen gida ba. Maganin bai wuce a samu mutum biyu ko uku 'yan gida, a tsayar da rana ɗaya a mako, ko da yammacin Juma'a ne, a haɗu a ɗora buta. Haka Hausawan da suka kafa zango a Kumasi da Akara suka riƙe junansu tun zamanin fataucin goro.

Sai dai fada ma suna ta tara. Akwai wadda ake tashi daga cikinta da shawara da labarin aiki, akwai wadda ake tashi da gulma da ƙwaya. Gwajin mai sauƙi ne: idan ka koma gida, zuciyarka ta yi sauƙi ko ta ƙara nauyi?

Taubashi: dariya mai lasisi

Wanda ya taɓa zama a tashar mota ko kasuwar dabbobi a wannan yanki ya san yadda abin yake. Bafulatani ya hango Babarbare, kafin gaisuwa ta ƙare an fara ja-in-ja kan wane ne ubangidan wani. Bagobiri ya gamu da Bazabarme, kowa na cewa ɗan'uwan ne ya fi ci. Baƙo zai ɗauka faɗa za a yi, sai ya ga an tuntsure da dariya an raba goro.

Wasan taubasantaka ke nan, wanda ke tsakanin ɗan mace da ɗan namiji a cikin dangi, da kuma tsakanin ƙabilu irin su Fulani da Barebari, Fulani da Arawa, Gobirawa da Zabarmawa. A 2014 hukumar UNESCO ta sanya wannan al'ada ta Nijar a jerin abubuwan gadon ɗan Adam da ya kamata a kiyaye. Dalilin bai tsaya ga raha ba. Al'ada ta haramta wa taubasai riƙe juna a zuciya, don haka taubashi yana iya faɗa maka gaskiyar da wani ba zai iya ba, kuma sau da yawa shi ake turawa ya sasanta rigimar da ta gagari manya.

Dariya tana sassauta jijiyoyin jiki, tana kuma rage ƙuncin da mutum ke ji a ƙirji, ko da na ɗan lokaci ne. Kowane Bahaushe yana da taubashi, ko a dangi ko a maƙwabta, haka nan akwai wasan jika da kaka, da na ƙanin miji da matar wa. Idan ka daɗe ba ka ji muryar naka ba, saƙon murya na minti ɗaya ya isa. Tsokane shi. Ba zai bari ka ci bulus ba, kuma kafin ku gama ramuwar gayya za ka ga ka manta da rabin abin da ya dame ka.

Jiki ya motsa, zuciya ta bi

A ƙauyukan Dakoro ba wanda ke kiran tafiya rijiya ko gona da sunan motsa jiki, rayuwa ce kawai. Matsalar tana farawa ne idan matashi ya shigo birni. Kabu-kabu zai kai shi ko'ina, sauran yinin kuma yana zaune a shago ko kwance a ɗaki da waya a hannu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, wato kamar tafiyar sauri ta rabin awa sau biyar. A 2024 mujallar likitoci ta BMJ da ke Birtaniya ta wallafa nazarin da ya tattara gwaje-gwaje fiye da 200 da aka yi a kan mutane sama da 14,000 masu ciwon damuwa. Sakamakon ya nuna tafiya da sassarfa da ɗaga nauyi suna rage alamomin ciwon sosai. Ba a buƙatar takalmi na musamman, ba a buƙatar kuɗin shiga ko'ina.

A ƙasa mai zafi irin tamu, lokaci ne abin lura. Bayan sallar asuba zuwa hantsi shi ne mafi dacewa: iska na da sanyi, hanya ba cunkoso, kuma hasken safiya na taimaka wa jiki ya daidaita lokacin barcinsa. Wanda ya saba hawa babur zuwa wurin aiki yana iya sauka kafin ya ƙarasa, ya taka sauran. Wanda zai gaida gwaggonsa a wata unguwa ya tafi a ƙasa, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Ba banza ba Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take.

Ga wasanni kuma. Kokowa ita ce sarauniyar wasanni a Nijar. Tun 1975 ake gasar takobin ƙasa, wadda aka fara a Tawa, kuma ɗan jihar Maradi, Yakuba Ango Kantu, shi ne ya fara ɗaukar takobin. Sunansa filin kokowar Maradi ke ɗauke da shi a yau. Duk shekara idan gasar ta zo, 'yan kokowa goma-goma daga jihohi takwas ke karawa, gari kan yi tsit a gaban rediyo da talabijin, sannan ya ɓarke da sowa. Amma kafin a kai ga takobi, kokowa wasan dandali ce da samari ke yi bayan girbi a kan rairayi, ba tikiti ba alƙali mai albashi. Haka langa, wadda ake yi da ƙafa ɗaya, minti goma a cikinta ya isa ya jiƙa mutum da gumi. Ƙwallo a filin unguwa da yamma ma ta wadatar.

Wanda jikinsa ba ya son tsalle, akwai dara. Ramuka talatin a ƙasa, 'ya'ya goma sha biyu-biyu na tsakuwa da guntayen kara, shi ke nan. Mai buga dara ba ya iya tunanin bashin da ake bin sa a daidai lokacin da abokin karawarsa ke shirin jera uku ya cinye masa ɗa. Hutun da ƙwaƙwalwa ke samu ke nan daga juya magana ɗaya.

Habbanaye: daɗin da ke cikin bayarwa

A wajen Fulanin da ke kiwo a arewacin Dakoro, wajen Bermo da kwarin Tarka, akwai al'adar da ake kira habbanaye. Idan fari ko cuta ta kashe wa mutum dabbobi, ko saurayi yana son kafa garkensa, ɗan'uwa ko aboki kan ba shi aron karsana. Zai kiwata ta, ya sha nononta, ta haihu a hannunsa. 'Ya'yan nasa ne. Bayan ta yi haihuwar da aka saba, wadda a wajen Wodaabe kan kai uku, sai ya mayar da uwar ga mai ita. Ba ruwa, ba takarda. Makiyayi kan kula da saniyar habbanaye fiye da nasa na kansa, kuma abotar da ke tsakanin gidajen biyu kan wuce kan 'ya'ya. Ƙungiyoyin agaji sun ga amfanin tsarin har suka kwaikwaye shi, suna raba wa mata awaki, musamman jar akuyar Maradi, da sharaɗin su miƙa wa wata idan ta haihu.

Wanda aka ba aro ya amfana, wannan a fili yake. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ribar mai bayarwa. A 2008 wasu masu bincike uku, Elizabeth Dunn da Lara Aknin da Michael Norton, sun raba wa mutane a Kanada dala biyar ko ashirin da safe. An ce wa wasu su kashe wa kansu, wasu kuma su kashe wa wani. Da yamma, waɗanda suka kashe wa wani sun fi nuna farin ciki, kuma yawan kuɗin bai canza komai ba. Daga baya an duba bayanan ƙasashe 136, masu arziki da matalauta, aka ga alaƙar bayarwa da jin daɗi tana nan a mafi yawansu.

Darasin ga wanda ba shi da saniya shi ne, ƙaramin abu ma yana aiki. Ka saya wa almajiri ƙosai. Ka ɗebo wa tsohuwar maƙwabciyarka ruwa. Ka koya wa ƙanin abokinka lissafi, ko ka raka sabon zuwa wurin da ake neman ma'aikata. Mai zaman kashe wando ya fi kowa buƙatar wannan, domin babban abin da rashin aiki ke ci a zuciya shi ne jin cewa ba ka da amfani ga kowa.

Mata kuwa sun daɗe da nasu tsarin. A 1991 ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a jihar Maradi tare da tallafin ƙungiyar CARE. Mata kan haɗu duk mako, kowa ta zuba abin da ta iya a asusu, a ba mai buƙata rance, a kuma ware wani abu don haihuwa ko rashin lafiya. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da wajenta. An fi maganar kuɗin da ke cikin akwatin, amma ga macen da ke yini tsakanin turmi da rijiya, mijinta kuma yana ci-rani, zaman mako-makon kansa wani abu ne: awa guda da za ta zauna da 'yan'uwanta mata, ta faɗi nata ta ji nasu.

Ɗan ci-rani kuma ya kula da wani abu. Aika kuɗi gida ta Nita ko Al Izza alheri ne, amma idan duk kiran da ke tsakaninka da gida na kuɗi ne, wayar za ta koma abin fargaba. Ka ware kiran da ba na aike ba. Ka tambayi Inna ko akuyarta ta haihu, ka tambayi Baba yadda gero ya yi a gonar gabas. Su ma sun fi son jin muryarka fiye da yadda kake zato.

Abin da kake shayarwa

Duk wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Dakoro zai ga gawo da sauran itatuwa tsaye a tsakiyar gonaki. Ba haka wurin yake ba bayan farin shekarun 1970 da 1980. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai aikin gona a Maradi, Tony Rinaudo, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sassabewa duk shekara rassa ne na kututturan itatuwa masu rai a ƙarƙashin ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bar su, aka datse sauran, itace zai tashi. Manoma suka karɓi dabarar, suka kira ta sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan biyar a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Tun 1975 kuma ranar 3 ga Agusta, ranar samun 'yancin kai, ita ce ranar dashen itace a ƙasar.

Me ya haɗa wannan da walwalar zuciya? Mutumin da ke cikin ƙunci yakan ji kamar kwanaki duk iri ɗaya ne, babu abin da ke gaba. Abu mai girma a hannunka yana karya wannan tunani. Zogale guda a bayan ɗaki, wanda ruwan alwala ya ishe shi, cikin 'yan watanni zai fi ka tsawo, ka kuma samu na kwaɗo. Mai zaman haya yana iya shuka na'ana'a a tsohon galan, ya riƙa tsinka yana sa wa a shayi. Wasu tantabaru suke kiwo, wasu kaji. Ko mene ne, yana sa ka tashi da safe don akwai mai jiran ka.

Waya, barci da ƙwaya

Akwai kuma abubuwan da ragewa ake yi, ba ƙarawa ba. Na farko waya. A 2018 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania sun raba ɗalibai 143 gida biyu. Kashi ɗaya aka taƙaita musu Facebook da Instagram da Snapchat zuwa minti goma-goma a rana, ɗayan kashin aka bar su yadda suka saba. Bayan mako uku, waɗanda aka taƙaita wa sun nuna raguwar kaɗaici da damuwa.

Dalilin ba boyayye ba ne. Wanda ke gida yana ganin hoton abokinsa a Turai ko Dubai jingine da motar da ba tasa ba, sai ya raina kansa. Shi kuma na wajen yana kallon bidiyon bikin da aka yi ba shi, sai kewa ta kama shi. Kowa na auna cikin gidansa da ƙofar gidan wani. Ba a ce a jefar da waya ba, domin ita ce igiyar da ta ɗaure ɗan ci-rani da gida. Amma kiran minti biyar da aboki ya fi awa biyu ana jan allo da yatsa, ga kuma kuɗin data da za a rage.

Na biyu barci. Baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai, kuma duk wanda ya kwana biyu bai samu ba ya san yadda ƙaramin abu ke harzuƙa shi. A nan fada na da laifinta. Sinadarin kafeyin da ke cikin shayi yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, don haka kofin farko mai ɗaci da aka sha ƙarfe goma na dare yana nan yana aiki har cikin sulusin dare. Mai fama da rashin barci ya sha nasa da la'asar, da dare ya tsaya a zagaye na uku ko ya haƙura. Wayar ma a ajiye ta nesa da matashin kai.

Na uku shi ne wanda ya fi haɗari. Tramol da sauran ƙwayoyi sun shiga hannun 'yan kabu-kabu da leburori da masu aikin gona da sunan maganin gajiya da damuwa. Suna da arha a ranar farko. Bayan haka jiki kan nemi ƙari, kuma idan babu sai ƙunci ya dawo fiye da da. Yawan shan tramol na jawo farfaɗiya, yana kuma iya tsayar da numfashi. Wanda ya riga ya saba, kada ya yi fama shi kaɗai, ya nemi ma'aikacin lafiya ya taimaka masa ya rabu da ita a hankali.

Idan shayi da hira ba su isa ba

Duk abin da aka lissafa a sama na ɓacin ran yau da kullum ne, irin wanda kowa ke shiga ya fita. Ba zai biya bashi ba, ba zai samar da aiki ba, kuma ba zai maye gurbin likita ba. Akwai damuwar da ta zama ciwo. Alamominta su ne mutum ya shafe mako biyu ko fiye cikin baƙin ciki kusan kullum, abin da yake so a da ya daina burge shi, barci da cin abinci su rikice, ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, wani lokaci har ya ji gara ya mutu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 280 ne ke da wannan ciwo. Ba ragwanci ba ne, ba kuma rashin tawakkali ba ne, kuma ana warkewa.

Wanda ya ga haka a kansa ko a ɗan'uwansa, ya fara da asibiti mafi kusa. A Dakoro akwai asibitin gunduma, daga nan ana iya tura mutum Maradi ko Yamai. A Najeriya akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Kware ta jihar Sakkwato, da Barnawa a Kaduna, da Dawanau a Kano. Idan mutum ya fara maganar kashe kansa, ba a ɗaukar ta wasa, ba a kuma barin sa shi kaɗai har sai an kai shi ga likita.

Ko a nan ma, zama da sauraro na da rawar takawa. A Zimbabuwe, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa, wani likita mai suna Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su riƙa zama a kan benci a harabar ƙananan asibitoci suna sauraron masu damuwa, suna taimaka musu su warware matsalolinsu ɗaya bayan ɗaya. Gwajin da aka wallafa a 2016, wanda aka yi da mutum fiye da 500 a birnin Harare, ya nuna cewa bayan wata shida kimanin 14 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka zauna a bencin ke da sauran alamomin ciwon, alhali a ɗayan rukunin kusan rabi ne. Waɗannan iyaye mata horo aka ba su, ba hira kawai suke yi ba. Amma kayan aikinsu benci ne da kunne, kuma duka biyun akwai su a kowace fada.

Saboda haka idan an ɗora buta yau da yamma, a duba wanda ya saba zuwa amma kwana uku ba a gan shi ba. Kada a tsaya ga cewa ai yana lafiya. Wani ya tashi ya je ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, ya ce masa shayi ya kusa nuna.